Yadda Bakina Ya Kusa Raba Taubashina da Aikinsa

Edita, ina yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka. Na daɗe ina karanta wannan fili, ina ganin mutane suna kawo abin da ya same su, wani in tausaya masa, wani in ce a raina ai shi ya jawo wa kansa. Yau ga nawa na kawo, kuma kafin wani mai karatu ya faɗa, ni na riga shi: ni na jawo. Ba zan kama sunan kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu in ban da mutum ɗaya, muna kuma haɗuwa a wurin biki da wurin gaisuwa.

A shekarun da wayar salula ta fara shigowa Zuru, ni ɗan kasuwa ne da ƙarfina, ina zaune a Rikoto da iyalina. Sana'ata hatsi. Da kaka nakan bi Manga da Dabai da ƙauyukan bayan dutse in sayi dawa da masara a hannun manoma, in tara a sito, in farashi ya motsa in fitar. Allah ya rufa mini asiri daidai gwargwado, ya kuma haɗa mini da wani abu da nake ɗauka baiwa ce a lokacin, wato baki. Ba a ja da ni a magana. Bayan la'asar in na shimfiɗa buhu a ƙofar sito na zauna, kafin ka ce kwabo mutane sun taru, masu awo da direbobi da tsofaffin sojojin da suka cika garin nan namu, kowa na jiran ya ji wa zan saka a gaba yau. Babu abin da yake yi mini daɗi kamar in ga dattijo yana dariya har yana riƙe hula. Matata takan ce da bakin nan nawa ana auna shi da mudu a sayar, da tuni na bar hatsi.

Wanda bakina ya fi sauka a kansa kuwa taubashina ne, ɗan gwaggona, yayar mahaifina. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka tun muna ƙanana nake kiransa bawana, shi kuma yana kirana Alhajin ƙauye tun ban san hanyar Makka ba. Sa'o'in juna ne mu, amma shi ya bi boko, ya samu aiki a wani kamfanin dillancin motoci a Kaduna, yana cikin masu karɓar baƙi su sayar musu da mota. Duk wanda ya san wasan taubasai ya san ƙa'idarsa: ba a fushi, ba a kai ƙara, ba a kuma yabo. Mu mun riƙe ƙa'idar nan fiye da kowa a danginmu. Ranar ɗaurin aurensa na tashi cikin jama'a na yi wa dangin amarya jaje. Da aka yi mini haihuwar fari ya zo suna, ya ɗauki jariri ya duba, ya ce alhamdu lillahi yaro ya tsira, uwarsa ya biyo. Haka muke, kuma duk unguwa an san in ciwo ya kwantar da ɗayanmu, ɗayan ne ke zaune a bakin gado yana tsokanarsa. Amma in ka tambaye ni yaushe muka taɓa zama muka yi magana ɗaya ta gaske, wadda ba dariya a ciki, ba zan iya nuna maka ranar ba.

Motar haya ce ta ishe ni. Ka yi da direba zai zo Dabai da safe ya kwashi kaya, ka zauna a kan buhuna har rana ta take, sannan ya iso ya ce maka taya ce ta fashe. Shekarar da ruwan farko ya same ni da masara a fili a Manga, na rantse sai na mallaki tawa. Da na haɗa abin da ya samu, na ce sabuwa nake so, a-kori-kura, daga kamfani, ba wadda wani ya gama cin amfaninta ba. Na kira bawana na gaya masa, ya ce in taho, amma in yi wanka tukuna, don ofishinsu akwai iyakwandishan, kada ƙaiƙayin dawa ya toshe musu ita.

Gaskiyar abin da ya yi mini a Kaduna, wadda ya kamata in faɗa tun farko, ga ta. Ya tare ni a tasha da kansa. Ya sauke ni a gidansa, ya bar mini gadonsa ya koma falo. A kamfani idona ya faɗa kan wata mai ƙyalli wadda ta fi tsada, da na saye ta da la'adarsa ta fi tsoka, amma ya hana ni, ya ce cikinta na kusa da ƙasa, hanyar ƙauyukanmu za ta cinye ta a damina ɗaya. Ya zaɓa mini wadda ta dace, ya buɗe gabanta ya nuna mini inda ake duba mai da ruwa, ya sa na yi ta maimaitawa har na iya. Ya bi ni wurin lamba da inshora, ya tsaya a layi ni ina zaune a inuwa. Duk wannan yana yi yana ce wa abokan aikinsa su yi haƙuri da ni, yau na fara ganin bene. Ni kuma ina ce musu su riƙa duba tayoyinsu duk sa'ad da ya tashi daga aiki.

Ranar da zan taho, na shiga mota, sai ya leƙo ta taga ya ce akwai wata daga babban ofishinsu na Legas da za ta kira ni ta tambayi yadda aka karɓe ni, in ina da kunya in faɗi gaskiya, in ba ni da ita in ara a wurin matata. Yanzu na gane roƙona yake yi, kuma ba shi da wata hanyar da zai roƙe ni sai wannan. Ni kuwa a lokacin tarko na hango. Watannin baya ya taɓa sa wata abokiyar aikinsa ta kira ni ta ce na ci kyautar babur, in je Birnin Kebbi in karɓa, sai da na gama shelanta wa kasuwa kaf sannan ya kira yana dariya har yana tari. Na ce a raina, wato so yake ya sa wata ta kira ni in yabe shi, yana gefe yana saurare, ya samu abin yi mini gori har tsufa. Na ce masa to, Allah ya kai mu, na ja motata.

Na shigo Zuru da ita tana sheƙi, ledar kujeru ma ban cire ba. Gidan Gwaggo na fara kai ta, ta fito ta dafa ta ta yi addu'a, ta sa mana albarka ni da ɗanta gaba ɗaya, ta ce Allah ya bar mu tare. Motar kuwa ta yi yadda ya faɗa. Inda manyan motoci ke tsayawa su sauke kaya a ƙarasa da jakuna, ita wucewa take yi har ƙofar rumbu. Ban taɓa jin daɗin abin da na saya kamar yadda na ji daɗinta ba, kuma na san wa ya zaɓa mini.

Bayan 'yan makonni, ina ƙofar sito da jama'ata, waya ta yi ƙara. Muryar mace ce, Hausarta a hankali, tana ajiye kalmomi ɗaya-ɗaya. Ta ce daga babban ofishin kamfanin da na sayi mota take kira, suna bin duk wanda ya yi ciniki da su don su ji ko ya gamsu, kuma ana naɗar maganar da za mu yi. Na ƙifta wa mutane ido, na danna inda murya ke fitowa kowa ya ji, na gyara zama. Ta tambayi yadda aka karɓe ni, na ce an shanya ni a rana ko ruwa ba a ba ni ba. Ta tambaya ko wanda ya sayar mini ya yi mini bayanin motar, na ce ina ya ga bayani, mutumin da ko jaki bai iya hawa ba. Ta tambaya ko an ba ni motar a kan lokaci. A nan ne na wuce iyaka, don na ga mutane sun fara kwanciya da dariya ina son in ƙarasa su. Na ce ai da har yanzu ina can, sai da na cusa masa na goro a aljihu sannan ya fito da makulli.

Sai ta ce, "Yallaɓai, wannan magana babba ce. In shigar da ita haka yadda ka faɗa?"

Na ce, "Shigar da ita, ɗiyata, in akwai wuri ki ƙara gishiri."

Ta sake tambaya, na sake tabbatar mata. Ta ce in ba shi maki daga ɗaya zuwa goma, na ce ɗaya, shi ma don babu abin da ya gaza shi. Ta yi godiya, ta ba ni haƙuri a madadin kamfani, ta kashe. Wurin ya kaure da dariya, har da masu tafi. Mutum ɗaya ne bai yi ba, wani tsohon soja daga Dabai da ke kawo mini dawa, dattijo mai dogara sanda wanda ba ya fashin coci, ba ya kuma yawan magana. Saje muke ce masa. Da zai tafi ya tsaya kusa da ni ya ce shi dai muryar nan bai ji ta yi kama da ta mai wasa ba, kuma a aikin da ya yi, rahoto in ya tafi sama ba ya tafiya da dariyar da aka faɗe shi da ita. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ni na san bawana. Na jira ya kira ni ya yi ƙorafi, bai kira ba, sai na ɗauka na ci wasan.

Ba a daɗe ba sai ga shi a Zuru, wai hutu aka ba shi. Hutu ya ƙi ƙarewa. Can sai ga matarsa da yara sun biyo shi da akwatuna, suka sauka a gidan Gwaggo. Kullum bayan la'asar zai zo sito ya zauna, in saka shi a gaba, ya rama, a yi dariya. Na tambaye shi a gaban mutane ko korarsa aka yi, ya ce kamfanin ne ya gane ba zai iya biyan darajarsa ba. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne, in kowa ya watse shi yakan tsaya. Zai yi ta juya waya a hannu yana kallona ina rufe sito, ni kuma in ce masa ya kama gabansa, ba a dafa da bayi ba a gidana. Wata safiya har gida ya same ni, abin da bai saba yi ba. Ya yi sallama, na leƙo na miƙa masa tsintsiya na ce bawa ba ya gaisuwa sai ya share ƙofa. Ya karɓa, ya share ƙofar nan tsaf, ya jingine tsintsiyar, ya yi dariya ya tafi. Na ga ya rame, na ce abincin Kaduna ne ya lalata masa ciki har na gida ya ƙi karɓarsa. In na tuna tsintsiyar nan har yau kunya takan rufe ni.

Gwaggo ce ta aiko a kira ni. Ita ba abokiyar wasan kowa ba ce. Tun rasuwar mahaifina ita ce uba a gidanmu, kuma saboda sunan mahaifinta aka sa mini, Babana take ce mini, amma wannan bai taɓa hana ta yi mini faɗa ba. Na same ta a ɗakinta tana gyaran wake, na durƙusa na gaishe ta, ta ture tiren gefe. Ta ce ɗan'uwana ba hutu yake yi ba, dakatar da shi aka yi, ba albashi, kuma in ba a wanke shi ba kora ce za ta biyo baya, irin korar da babu kamfanin da zai sake ɗaukarsa. Wani wanda ya sayi mota ne ya ce ya karɓi cin hanci a hannunsa. Ta ce ita ta san abin da ta haifa, ko tsinken wani bai taɓa ɗauka ba, kuma maganar ta fara yawo a gari har tana shigo mata gida ta bakin masu zuwa gaisuwa.

Ta ce, "Babana, kai ka san mutane Kaduna. Ka binciko mani wane na wanga mutum. Na so in yi mashi Allah ya isa, ɗan'uwanka ya riƙe mani ƙahwa yana roƙona kar in yi. Ni ban gane mi ya haɗa shi da maƙiyinai ba da zai tsaya mashi haka."

Edita, ban san yadda zan kwatanta maka abin da na ji ba. Na ce to Gwaggo, na tashi na fita. Na kai ƙofa na sa takalmi, na tsaya, na cire, na koma na durƙusa inda na tashi. Na gaya mata komai, tun daga maganar da ya yi mini ta tagar mota har zuwa gishirin da na ce a ƙara. Ban taɓa jin maganata ta fito babu daɗi irin ta ranar ba. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce ashe shi ya sa. Sannan ta ce in tashi in je in gyara abin da na ɓata, kuma kada in sake taka ɗakinta sai na gyara.

Na same shi a gonar Gwaggo ta hanyar Manga yana taya masu aiki. Da ya ga fuskata ya gane, amma duk da haka sai da ya tambaye ni ko ƙodago na zo nema. Na ce ya shirya, gobe za mu Kaduna. Da sassafe muka kama hanya, har muka wuce Rijau ba wanda ya ce uffan, abin da bai taɓa faruwa tsakaninmu ba. A Kontagora muka tsaya cin abinci, na tambaye shi me ya hana shi gaya mini. Ya ce ai don ya gaya mini ya dawo gida, manajansu ya ce babu mai iya janye maganar sai wanda ya yi ta. Kullum da niyyar yake zuwa sito, amma kafin ya buɗe baki na riga na jefe shi da wata, in ya rama kuma shi ke nan an koma wasa. Ya ce ta ina zai fara, ya ce mini wasana ya yi masa ciwo? Tun da aka haife mu wa ya taɓa faɗin haka? Sannan ya ba ni labarin ranar da aka kira shi gaban wasu manya da suka zo daga Legas, aka kunna masa muryata. Ya ce da ya ji wurin jakin nan bai san lokacin da dariya ta kuɓuce masa ba, a gabansu, don muryar gida ya ji. Suka dubi juna, ɗayansu ya ce ga alama bai ɗauki zargin a bakin komai ba. Yana ba ni labarin yana dariya, ni kuwa na ture kwanon abincin gefe.

Manajan reshen ɗan Arewa ne, ya san wasan taubasai sarai, shi ma yana da nasa. Ya ce tun farko bai yarda da zargin ba, ya ma faɗa, amma magana ta riga ta bar hannunsa, tana wurin waɗanda ba su san mu ba, murya kawai suka ji tana cewa an ba da na goro, aka tambaye ta, ta tabbatar. Ya haɗa ni a waya da shugabar sashen a Legas, yana yi mana tafinta. Na zage na yi bayani, na kuma shiga yabon ɗan'uwana, gado da layi da duk abin da ya yi. Ta bari na gama, sannan ta ce wanne za su ɗauka, na ranar ko na yau, tunda duka daga bakina suka fito? Ta kuma ce yanzu da suka san ɗan'uwana ne, yabona ba shi da amfani a wurinsu, kowa zai yabi nasa. Raina ya ɓaci. Wato zagina ya shiga, yabona ba zai shiga ba. Na ɗaga murya zan ce da guminna na sayi motar ba sadaka aka ba ni ba, sai na ji an taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na dubi bawana, ya girgiza mini kai kaɗan, na haɗiye. Matar nan ba ta yi ƙarya ba, ni ne ban saba a tsare ni da gaskiya ba.

Abin da suka yarda da shi ɗaya ne: in je kotu in yi rantsuwa cewa maganar cin hancin ƙarya ce na yi, a kai musu shaida. Na je. Ni da manoma ke ba ni buhuna a ƙauye a kan kalmata kawai, ga ni tsaye gaban ma'aikacin kotu ina rantsuwa cewa na yi wa ɗan'uwana ƙazafi, yana dubana ta saman tabarau yana tambaya ko ina cikin hankalina sa'ad da na faɗa. Na ce ina ciki, abin da ya fi muni ke nan. Kafin mu bar Kaduna na roƙi manaja ya haɗa ni da yarinyar da ta kira ni, don na ji ita ma ta sha tambayoyi a kan maganar. Na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, amma ta tuna mini cikin ladabi cewa sai da ta sake tambayata kafin ta shigar.

Da muka dawo na ga da sauran aiki. Rantsuwar Kaduna za ta wanke shi a Legas, amma ba za ta wanke shi a Zuru ba. Cikin waɗanda suka yi dariya a ƙofar sito akwai waɗanda, da suka ga ya dawo gida ya zauna, suka fara cewa ashe maganar Alhaji da ƙanshin gaskiya. Ranar kasuwa bayan la'asar, wuri ya cika, shi ma yana zaune a kan buhu a gefe, na miƙe tsaye, abin da ban taɓa yi ba. Na ce duk wanda ya ji abin da na faɗa a waya ranar nan ya saurara. Na ce ƙarya na yi. Na faɗi yadda ya tare ni a tasha, da gadon da ya bar mini, da motar da ya hana ni saye alhali shi zai amfana, da tsayuwar layi. Na ce ban san mutum mai amana irinsa ba, ko sisi bai karɓa a hannuna ba, ruwan da na sha ma shi ya saya. Mutane suna ta murmushi, bakinsu a buɗe, suna jiran in juya maganar a ƙarshe in kayar da shi kamar kullum. Ban juya ba. Na gama na zauna. Wurin ya yi tsit har ana jin masu awo can nesa. Saje ne ya fara motsi, ya taso da sandarsa ya ba ni hannu, ya je ya ba ɗan'uwana, ya tafi.

Taubashin nawa kuwa kansa na ƙasa tun da na fara. Sai da mutane suka ragu ya matso, idonsa ja, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Don Allah kar ka ƙara yi mani wanga. Zagin ya hi sauƙin ɗauka."

Na ce masa ba zan ƙara ba, dama sau ɗaya ake yi wa bawa. Muka yi dariya, amma ni ma sai da na juya baya na share fuska da bakin riga.

Amsar Legas ta ɗauki lokaci. A tsakanin nan na riƙa aika hatsi gidan Gwaggo ta hannun matata, don na san in ni na kai zai ce ba ya cin sadakar ƙauyawa. Wasan ma ya ƙi fito mini, in na buɗe baki zan tsokane shi sai in ji nauyi, har shi ya gaji ya ce in ba zan zage shi ba zai daina zuwa, don zama da ni babu zagi ba shi da daɗi. A ƙarshe aka mayar da shi bakin aiki. Ranar da ya koma Gwaggo ta bar ni na shiga ɗakinta, ta sa aka dama mini fura, ba ta tayar da maganar ba, kuma har Allah ya karɓi abinsa ba ta sake tayar da ita ba. Amma ba komai ne ya dawo ba. Ƙarin girman da ake shirin yi masa a shekarar wani aka ba, kuma babbar 'yarsa ta rasa zangon karatu saboda dawowar da suka yi gida. Bai taɓa ambata mini waɗannan ba, a bakin matata na ji. Yau alhamdu lillahi yana cikin manyan wurin, motar ta yi mini aiki har ta gaji, wasanmu yana nan daram, ina zaune lafiya ba ni da abin cewa sai godiya.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, yanzu irin kiran nan ya yi yawa. Ka sayi mota, ko ka kai ta gyara, sai a bi ka da tambaya ko ka gamsu. Na ga masu amsawa suna tsakiyar ciniki rabin hankalinsu na wani wuri, na ga masu huce haushin gida a kai, na ga irina masu neman a yi dariya. Jama'a, mu sani a bayan tambayar nan akwai wani mutum da abincin gidansa, kuma wanda amsar za ta je hannunsa bai san ka ba, bai ga fuskarka ba, bai san wa kake wasa da shi ba. In an cuce ka ka faɗa, haƙƙinka ne. In an kyautata maka ka faɗa, haƙƙin wancan ne. In ba ka da lokaci ka ce a sake kira.

Ban ce a bar wasan taubasai ba, Allah ya kiyaye, shi ya riƙe zumuncinmu har muka kawo yau. Amma na yi shekaru ina ganin na fi kowa sanin mutumin nan, ashe dariyarsa kawai na sani. Duk mai abokin wasa ya riƙa samun rana ya tambaye shi lafiyarsa, tambaya ta gaske, sannan ya kama bakinsa har amsar ta fito. Ni da girma na koyi wannan shirun, kuma ba ni na biya kuɗin makarantar ba.